Agogon Nan, Agogon Can

Asabar

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da mai shure-shuren da ke ciki. Ya nauyin jiki? Bayan ya daina ciwo? Mu dai lafiya lau. Baba ya yi mura ya warke, amma har yanzu in ya ga an ɗauko tsintsiya sai tari ya taso masa, don kar a ce ya ɗaga ƙafa. Ƙafar Mama da sauƙi, matuƙar ba ta daɗe a kan keken ɗinki ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Kin san halina. Da na ga fuskarki a waya sai bakina ya ɗinke, in tsaya ina ta murmushi kamar baƙuwa. A takarda kuwa sai in cika shafi uku ban sani ba. Wannan ma daga tsakiyar littafin lissafi na yago ta, zan ɗauki hotonta da wayar Mama in turo miki. In kin ga inuwar yatsana a gefe, ki yi haƙuri.

Albishirinki! Mama ta yarda za ta zo.

Kin san tun da mijinki Yaya Dogo ya turo tikitin take ta nuƙu-nuƙu. Ba ƙin ki take ba, tsoro ne. Tun bara da jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa likita ya ja mata kunne a kan dogon zama, ga shi tana tuna lokacin tafiyarki, da kika yada zango a hanya kika kusa kwana biyu. To jiya tana yankan yadi sai na sake karanta mata saƙonki a hankali: "Wannan kai tsaye ne, ba ya tsayawa ko'ina. Zai tashi ƙarfe goma na safe, ya sauka ƙarfe uku na rana agogon nan." Na ƙirga da yatsu a gabanta. Biyar cif, hannu ɗaya ya isa.

Ta ajiye almakashi ta ce, "Awa biyar kacal? Ai ɗinkin riga mai wuyan nan na Maman 'yan biyu ya fi haka cin lokaci." Yau da safe ta je asibiti ta tambaya, likita ya ce biyar ba damuwa, ta riƙa motsa ƙafar dai. Ta dawo tana waƙa, Yaya. Mama! Ta fito da akwatin nan mai ƙugiya ɗaya, ta jera 'yan rigunan jariri har tara, duk da na ce mata ba a san ko mace ba ce ko namiji. Ta ce jariri bai san wannan ba.

Ni kuwa tun jiya ba na ƙasa. A littattafan da nake karantawa jirgi layi ɗaya ne: ya kalle ta da idanu jajur, ya juya, washegari ya sauka a wata ƙasa. Ba a taɓa faɗin abin da ya yi a tsakani ba. Ke da kika hau, gaya mini, da gaske ana ganin gajimare a ƙasan mutum? Da gaske matuƙin yana magana da murya mai sanyi? Kar ki yi mini dariya.

Ki gaida Yaya Dogo in ya samu waya daga tekun nasa.

Ƙanwarki,
Auta


Lahadi

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai ba na iya ganin yatsun ƙafata, jiya ma da takalmi kala biyu na je aiki, wata tsohuwa da nake yi wa wanka ce ta nuna mini. Ki ce wa Baba ina jin tarinsa daga nan.

Yanzu ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa kafin ki ci gaba.

'Yar littafi, kin yi ɓarna. Da na rubuta "agogon nan", nan ɗina nake nufi, ba naki ba. Ni ce mai rubutun, ina zaune a nan. Kin manta in kuna la'asar mu ko azahar ba mu kai ba? Awa bakwai ne tsakaninmu, kuna gaba. Goman tashi na agogonku ne, ukun sauka na agogonmu ne. Ki ɗora bakwai a kan biyar ɗinki. Sha biyu. Kilomita sama da dubu goma ne, Auta, ba gidan Goggo ba ne.

Na karanta wasiƙarki a ɗakin wanki na ƙasan bene, injin yana ta juyi, na yi dariya har na riƙe ciki. Daga baya kuma na zauna a kan benci na kasa tashi.

Ga abin da nake roƙon ki. Ki bar shi a biyar.

Na san abin da za ki ce. Amma ki ji. Dogo ba zai sauko daga jirgin ruwan nan ba sai wata biyu bayan haihuwa. Ɗakina ɗaya ne a hawa na huɗu, tagar tana kallon wurin ajiye motoci. Maƙwabciyata ta dama ban san sunanta ba, shekara uku muna gaisawa da kai. Da aka ba ni takarda a asibiti in rubuta wanda za a kira in abu ya taso, na daɗe riƙe da biro. In Mama ta ji sha biyu za ta mayar da akwatin nan saman sif, kin sani, na sani. In kuwa ta riga ta hau, ai ba za ta ce a tsaya ta sauka ba. Mutane da suka fi ta shekaru suna yin tafiyar kullum. Ba ƙarya za ki yi ba, shiru kawai, shi kuwa ke gwanarsa ce.

Eh, ana ganin gajimare a ƙasa. Matuƙin kuma muryarsa kamar mai mura.

Ki goge hoton nan in kin gama. Mama ba ta ganin ƙananan rubutu, amma Baba yana gani.

Yayarki


Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ya ɗan shure-shure? Kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, na fara wasiƙa huɗu na yayyaga.

Kunya kamar in nutse. Na san rana ba ta fito mana tare, ba yau na sani ba, amma ban taɓa haɗa wannan da jirgi ba. Da na ga "nan" sai na ɗaga kai na kalli agogon bangonmu, don ni ma ai a nan nake.

Ranar Litinin na shiga ɗakin karatu na makaranta na ɗauko babbar taswira. Na ɗora babban yatsa a kanmu, na miƙa manuni har kanku. Taƙi guda ne kawai, har da saura. Na daɗe ina kallon shuɗin da ke tsakani, babu ko tsibiri da mutum zai ce a ajiye shi ya miƙe ƙafa. Malamarmu ta tambaye ni me nake nema, na ce ba komai, na fita da gudu.

Yaya, na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na buɗe littafi, har wurin da yarinyar za ta amsa masa, sai na ga ina karanta layi ɗaya sau biyar. Mama ta gaya wa duk layinmu. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ce, "Ki zo ki karɓa kafin Laraba mai zuwa, zan leƙa wajen Yayar Auta, awa biyar ne, kamar an je kasuwa an daɗe." Sai ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Auta?" Ni kuma in sunkuyar da kai. Wannan shi ne shirun da kika ce ba ƙarya ba ne?

Jiya ta zauna a keke tun bayan azahar tana son gama ɗinkin mutane. Da ta tashi sai da ta dafa bango. Na ga ƙwaurin, ya yi sheƙi kamar an shafa mai. Ta ce, "Kar ki kalle ni haka, gajiya ce." Wannan fa ko awa huɗu bai kai ba.

Ke ba kya nan bara. Ni na riƙe mata jaka a asibiti, ni na ji likita yana gaya wa Baba a baranda cewa irin wannan jinin in ya ɓalle ya hau ƙirji ba ya sallama. Ban taɓa gaya miki ba, duk da kin ce a daina ɓoye miki abu, don kin yi kuka da aka gaya miki kaɗan.

Ina son ta zo miki. Wallahi ina so. In na tuna takardar nan da kika riƙe biro a kanta sai in ji kamar in shiga akwatin in bi ta. Amma likitan biyar aka tambaye shi, biyar ya amsa, kuma daga bakina biyar ɗin ta fito.

Gaya mini yadda zan yi, amma ban da shiru.

Auta


Juma'a

Auta,

Salam. Ina lafiya, ba sosai ba. Yau an auna ni, sun ce jinina ya ɗan hau, in daina aiki daga yau, kuma wataƙila ba za su jira har ƙarshen wata ba. Kar ki gaya wa Mama wannan ma.

Na karanta. Na san abin da likita ya ce, ba jaka ba ce ni, a cikin masu irin ciwon nake wuni. Zan kira kamfanin jirgin su ba ta kujerar bakin hanya, zan ce ta riƙa tashi. Saura 'yan kwanaki, Auta. Sau ɗaya na roƙe ki abu a duniya. Ki daure.

Yayarki


Asabar, a tsaye

Yaya, salam, da fatan jikin da sauƙi. Ki yafe mini, na faɗa mata. Mun je asibiti mun dawo. Ta ce zama za ta yi. Tana kirana, za ta karɓi wayar, sauran bayani sai gobe.

Auta


Lahadi

Auta,

Ba zan tambayi lafiyar kowa ba, tunda ga alama kowa lafiya yake, kowa yana gida, kowa yana zaune.

Na kira ya fi sau ashirin, waya a kashe. Ta Baba ma tana ta ƙara ba a ɗauka, na san yana gareji ya cusa ta a aljihun rigar da ya rataye. Ashe haka za ku yi mini? Ta fasa, ba wanda zai iya buɗe baki ya gaya mini, sai layi biyu a tsaye?

Shekara sha shida ba ki iya cewa "a miƙo gishiri" a gaban baƙi ba, sai yau bakinki ya buɗe. Sannu da ƙoƙari. Ki koma ga littattafanki, a can kowa yana isowa a kan lokaci da fure a hannu. Ni na haɗa jakar asibiti na ajiye bakin ƙofa. Na rubuta lambar wurin aikinmu a takardar.

Ki ce wa Mama ban yi fushi da ita ba. Ki ce ta raba rigunan jaririn.


Lahadi da yamma

Yayata,

Assalamu alaikum. Ni zan tambaya ko ba ki tambaya ba: ya jikinki, ya jinin, kin ci abinci? Yanzu aka kunna waya na ga wasiƙarki. Na yi kuka, na wanke fuska, ga ni.

Yaya, zama fa! Zama a kujera! Ba fasawa ba! Ashe ba ni kaɗai ce mai karanta abu a karkace a gidanmu ba.

Bari in faro miki. Jiya da safe tana ninke zannuwa cikin akwati, na tsaya a bayanta, na buɗe baki sau uku ba abin da ya fito. A na huɗu sai na ji kaina na ce, "Mama, sha biyu ne." Ta ce, "Me, kuɗin zip?" Na ce awannin. Na yi mata bayanin nan da can. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Yayarki ta sani?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To, na ji amsa. Ɗauko mayafina."

Likita ya cire tabarau da ya ji. Ya ce sha biyu wata magana ce daban, da ta tafi a kan biyar da bai yafe wa kansa ba. Ya duba ƙafar, ya rubuta mata wata doguwar safa mai matsewa har gwiwa, da allura da za a yi mata ranar tafiya, ya ce ruwa da yawa, kuma kowace awa ta tashi ta taka. Ya ce ko da hakan ba zai rantse mata ba, ita za ta yanke. Muna shiga gida ta ce, "Ni ban taɓa yanka yadi ban gwada ba. Gobe zama zan yi." Daidai nan na rubuto miki.

Yau tun bakwai na safe ta sa kujerar roba a lungun da ke tsakanin sif da keke, ta sa na kawo wata na manna a gwiwarta, wai ai an ce wurin a matse yake. Ta sa safar, da ƙyar muka ja ta mu biyu. Ta ɗaure cikinta da tsohon bel ɗin Baba. Ta ce a ƙure fanka don ƙara. Sannan ta kashe waya ta tura ƙarƙashin cinya, ta ce, "An ce a jirgi kashewa ake." Na roƙe ta in turo miki ko kalma ɗaya, ta ce, "Ma'aikaciya, koma bakin aikinki."

Ni ce ma'aikaciyar jirgin. Na kawo shayi a faranti, ta ce, "Ba murmushi? Wane irin kamfani ne wannan?" Kowace awa in ce, "Hajiya, lokacin tattaki," ta tashi ta je ƙofa ta dawo taga, sau goma. Wajen sha ɗaya Maman 'yan biyu ta yi sallama ta leƙo da ledar ɗinki. Mama ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Ba na nan, ina sama." Matar ta kalle ni, ta kalli bel ɗin, ta ja da baya a hankali tana salati.

Da sha biyu ta buga ta ce, "A lissafin wata malama, yanzu muka sauka ko?" Na ce a yi haƙuri. Ta ce, "Ƙaro ruwa."

Bayan la'asar wasan ya ƙare. Ta daina tsokanata. Tana ta murza gwiwa, gumi yana bin wuyanta, na ga tana cije leɓe. Na durƙusa na ce, "Mama, ya isa haka, ki tashi ki kwanta, ba wanda zai ce komai." Ta ce, "A tsakiyar teku? In kwanta a ina?" Can kuma ta ce, ba ni take kallo ba, "Naƙudar da na yi ta Yayarki ta fi wannan tsawo, kuma ba wanda ya kawo mini shayi." Daga nan ni ma na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar kujerar, muna jin fanka.

Bakwai na cika Baba ya shigo da baƙin mai a hannu ya ce, "Sannunku da hanya." Muka cire safar. Na danna ƙwaurin da yatsa yadda likita ya nuna mini. Ya ɗan tasa, amma ba zafi, ba ja, ba ciwo. Ƙafafun ne dai suka cika, silifas ya ƙi shiga.

Ta ce in rubuta miki haka, kar in gyara: "Ki gaya wa waccan mai wayon, ina nan tafe ranar Laraba. Maganar ɓoye-ɓoye kuma sai na zo, ba a waya zan yi ta ba." Na gaya mata batun jininki ma. Ki ƙara a kan laifina.

Har yanzu tsoro nake ji, Yaya. Ɗakinmu ba sama ba ne, na sani. Amma yanzu da idonta a buɗe za ta hau.

Maganar gishiri ta yi mini zafi. Gaskiya ce, shi ya sa.

Auta


Laraba, daga filin jirgi

Autata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, Mama lafiya. Na sa wannan a farko don na san ba za ki iya karanta sauran ba sai kin gani. A bayan takardar asibiti nake rubutawa, a kan gwiwa, ki yi haƙuri da rubutun.

Ki yafe mini. Na so in faɗa a waya ranar Litinin, kika miƙa wa Baba kika gudu. Da na samu yadda nake so, da ba safa, ba allura, ba tattaki, kuma da ni na jawo. Na yi ta juya wannan tun ranar. Bakin nan naki ki ci gaba da buɗe shi, ko a kaina ne.

Na zo tun jirgin yana kan teku. An hana ni tsayuwa, amma na kasa zama, na yi ta safa da marwa gaban allon da ke nuna jiragen da suka sauka, har wani mai shara ya tambaye ni ko a kira mini nas. Aka rubuta ya sauka. Mutane suka yi ta fitowa, masu turo kaya, masu rungume-rungume, har ƙofar ta fara daɗewa ba ta buɗe ba. Aka fito da tsofaffi a keken guragu, na leƙa fuskar kowacce. Ba ita. Auta, ban san na iya addu'a da sauri haka ba.

Sai ga ta, ta ƙarshe. Wata ma'aikaciya tana biye da ita da keken ba kowa a ciki, tana roƙonta da hannu, Mama tana girgiza kai. Da ƙafarta ta fito, a hankali, cikin safar nan kawai, takalman a hannu ɗaya, akwatin a ɗayan. Ma'aikaciyar ta ce mini duk jirgin sun san ta, wai har wasu suka riƙa tashi suna bin bayanta in ta fara tattaki.

Na taho zan faɗa jikinta, ina kuka kamar yarinya. Ta tare ni da takalman. Ta kalli fuskata, ta kalli cikin, ta kalli ƙafafuna da suka fi nata kumbura. Ta juya ta karɓe keken daga hannun ma'aikaciyar ta turo shi bayan gwiwata.

Ta ce, "Wa ya ce ki tsaya? Zauna. Ni na gama nawa."

A cikinsa nake rubuto miki. Ita ke turawa, kuma ba ta san hanya ba.

Yayarki